Babi Na Uku: Kallo da Sakayya a Tarbiyyar Ɗa Namiji da 'Ya Mace a Gidan Bahaushe

3.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an yi bayanin yadda al'ummar Hausawa ta raba ayyuka da ɗabi'u tsakanin maza da mata. Wannan babi kuwa zai dubi hanyar da yaro ke bi har ya san nasa kason, wato yadda jaririn da bai san damansa da hagunsa ba yake wayar gari cikin shekara shida ko bakwai yana ƙin taɓa taɓarya don wai aikin mata ne. Za a ɗora bayanin a kan ra'in koyo ta hanyar zamantakewa, wanda ya tsaya a kan abubuwa biyu: kallo da sakayya. Abin da ake nufi da sakayya a nan shi ne duk wani abu da ya biyo bayan aikin yaro, mai daɗi ko marar daɗi, wanda zai sa ya ƙara aikata shi ko ya bari. Abin da babin ke son tabbatarwa shi ne, a gidan Bahaushe kallo yana koya wa ɗa namiji da 'ya mace kusan abu ɗaya a farkon rayuwa, sakayya ce take zuwa daga baya ta tsame wa kowa abin da zai nuna a fili da abin da zai ɓoye.

3.1 Tushen Ra'in

Masanin da aka fi dangantawa da wannan ra'i shi ne Albert Bandura na Jami'ar Stanford a ƙasar Amurka. A shekarar 1961 shi da abokan aikinsa biyu sun gwada yara 72 na makarantar renon jami'ar, maza 36 da mata 36, 'yan tsakanin shekara uku da shida. Wasu daga cikin yaran sun kalli wani babba yana dukan wata 'yar tsana ta roba da ake hura wa iska, irin wadda ko an ture ta sai ta miƙe. Da aka bar yaran da 'yar tsanar, waɗanda suka ga dukan sun maimaita shi, har da irin kalmomin da babban ya furta. An kuma lura cewa yara maza sun fi kwaikwayon duka, musamman idan wanda suka kalla namiji ne.

Gwajin da ya fi amfani ga wannan nazari shi ne na shekarar 1965. A wannan karon an nuna wa yara fim na mai dukan 'yar tsanar, sai dai an raba su kashi uku. Kashi na farko sun ga an yaba masa an ba shi alewa, kashi na biyu sun ga an yi masa faɗa an hore shi, na uku kuwa ba su ga abin da ya biyo baya ba. Waɗanda suka ga horo su ne suka fi ja da baya wajen kwaikwayo, kuma 'yan mata sun fi maza ja da baya. To amma da aka ce za a ba kowane yaro ɗan tukuici idan ya nuna abin da ya gani, sai bambancin kason uku ya gushe, tazarar da ke tsakanin maza da mata kuma ta ragu ƙwarai. Ke nan 'yan matan sun koyi dukan tun da fari, ƙin yin sa kawai suka yi. Daga nan Bandura ya bambanta koyo da aikatawa, kuma ya nuna cewa ba lalle sai yaro ya sha horo a jikinsa ba, ganin an hori wani ma ya wadatar. Bahaushe ya daɗe da sanin wannan, shi ya sa yake cewa gani ga wane ya isa wane tsoron Allah.

Walter Mischel (1966) shi ne ya ɗauki wannan tunani ya ɗora shi kai tsaye a kan bambancin ɗabi'un maza da mata. Daga baya Bandura (1977) ya tsara matakai huɗu da koyo ta kallo ke bi: mayar da hankali ga abin koyi, riƙe abin da aka gani, iya maimaita shi, sai kuma samun ƙaimin aikatawa. Mataki na huɗu ne sakayya ke riƙe da linzaminsa.

3.2 Abin da Yaro Ke Gani

Tsarin gidan Bahaushe na gargajiya ya kasu biyu. Akwai zaure da ƙofar gida inda maigida ke zama da baƙinsa, akwai kuma cikin gida inda mata suke, wanda baligin da ba muharrami ba ba ya ratsawa. Duk jariri, namiji ko mace, a cikin gida yake buɗe ido. A bayan uwa ko yaya ko goggo yake kwana yana tashi, daga can yake kallon surfe da daka da tankaɗe da tuƙin tuwo da wanke-wanke da kitso. Uba kuwa yakan fita tun da sassafe zuwa gona ko kasuwa ko ofis, ba ya dawowa sai yamma, idan ya dawo ma zaure ne wurin zamansa. Idan ɗan fari ne, al'adar kunya takan ƙara nisanta shi da iyayen nasa duka biyu, har a wasu gidajen a miƙa shi ga kaka ko goggo ta riƙe.

Abin lura a nan shi ne, a shekaru biyar ko shida na farko ɗa namiji ya fi ganin aikin mata a kan aikin maza nesa ba kusa ba. Yana iya faɗin yadda ake kaɗa miyar kuka, amma bai taɓa ganin yadda ubansa ke ciniki a kasuwa ba. Da a ce kallo kaɗai ke raba jinsi, da yara maza sun taso da ɗabi'un iyayensu mata. Hasali ma a wannan shekaru akan ga ɗan shekara uku ya goya takalmi ko buhun masara a bayansa da ɗankwalin uwarsa, ko ya ɗauki muciya yana tuƙa ƙasa a gwangwani, ba tare da jin komai ba.

Enid Schildkrout, wadda ta yi nazarin yaran birnin Kano a unguwannin Kurawa da Ƙofar Mazugal a shekarun 1970, ta nuna cewa yara su ne kaɗai ke da 'yancin kai-da-kawo tsakanin duniyar maza da ta mata. Su ake aike kasuwa cefane, su ke kai saƙo gida-gida, su ke ɗaukar tallan matan da ke cikin kulle. Saboda haka yaron Hausa yana ganin ɓangarorin biyu fiye da yadda kowane babba ke gani. Wannan 'yanci yana raguwa ne yayin da yaro ke kusantar balaga: namiji ya daina kutsawa gidajen mutane, mace kuma a yi mata aure ta shiga ɗaki.

Binciken Perry da Bussey (1979) ya ƙara haske a kan yadda yaro ke tace abin da ya gani. Sun gano cewa yaro ba mutum ɗaya yake kwaikwayo ba, yana duba abin da mafi yawan 'yan jinsinsa ke yi ne. Wannan ya yi daidai da babban gida na gandu, inda yarinya ke ganin uwa da kishiyar uwa da kaka da matan 'yan'uwan uba duk a bakin murhu ɗaya, yaro kuma yana ganin duk mazan gidan sun ɗauki fartanya sun fita lokaci guda, sun dawo sun ci abinci a kwano ɗaya a zaure. Ba wanda ya zaunar da shi ya karanta masa doka, yawan maimaituwar abin ne ya zama doka.

3.3 Sakayya

Sakayya tana farawa tun kafin yaro ya fahimci magana. Jaririya akan huda mata kunne, a sa mata kwalli da abin hannu da jigida, duk wanda ya ɗauke ta sai ya yaba kyanta. Jariri namiji kuwa ƙarfinsa da girman jikinsa ake yabawa. Laƙabi ma yana ɗauke da saƙo: wanda aka haifa bayan 'ya'ya mata shi ne Tanko, wadda aka haifa bayan maza ita ce Kande. Irin waɗannan yaran akan fi sa musu ido, don gudun kada zama cikin waɗanda ba jinsinsu ba ya rinjaye su.

Idan aka ambaci horo, abin da ke fara zuwa zuciya shi ne bulala. Amma idan aka dubi zaman gida da kyau, za a ga ba kasafai ake dukan yaro don ya yi aikin ɗaya jinsin ba. Ana dukansa ne a kan sata ko ƙarya ko ƙin aike. Makamin da ake raba jinsi da shi baki ne: kirari da zolaya da dariya. Alal misali, yaro ɗan shekara biyar ya faɗi ya fashe da kuka, sai uwa ta ce, "Haba namiji, tashi mana, maza ba sa kuka." Idan ya haɗiye kukan sai a bi shi da kirari, a ce namijin duniya. Ƙanwarsa kuwa idan ta faɗi, ɗaukarta za a yi a rarrashe ta, amma da zarar ta zauna ta baje ƙafafu za ta ji an ce, "Ke, gyara zamanki, haka mace ke zama?" Idan ta share tsakar gida ba a sa ta ba, sai goggo ta ce, "Madalla da 'yar albarka, wannan mijinki ya huta."

Wannan jimla ta ƙarshe ta cancanci a tsaya a kanta. Yabon da ake yi wa 'ya mace kusan kullum a rataye yake da gidan da ba ta je ba tukuna. Idan ta iya girki an ce za ta riƙe miji, idan ta ƙona tuwo an ce za a koro ta, idan ta cika surutu an ce uwar miji za ta gyara mata zama. Ke nan tun tana 'yar shekara shida ana nuna mata lada da azabar da ke jiranta shekaru goma masu zuwa. Kuma ba a baki kawai abin ya tsaya ba, domin tana gani da idonta. Tana ganin amaryar da aka kai da gara da jeren kwanoni ana guɗa, tana kuma ganin yayarta da ta yi yaji ta dawo gida, da irin maganganun da ake yi a bayan idonta. Wannan shi ne ainihin abin da gwajin 1965 ya nuna, sai dai a nan ba fim ba ne.

Wasan da ke tsakanin kaka da jika wata hanya ce mai taushi amma mai tasiri. Kaka mace takan kira jikanta namiji "maigidana", ta riƙa tambayarsa kuɗin cefane, ta ce idan bai kawo ba za ta yi yaji. Jikanya kuwa "kishiyata" ce, ana tsokanarta da rashin iya miya. Kaka namiji kuma yakan kira jikanyar "amaryata". Kowa na dariya, amma a cikin dariyar yaron ya ji cewa ciyarwa a wuyansa take, yarinyar kuma ta ji cewa da girki ake auna ta.

Ga ɗa namiji, babbar jarrabawar gargajiya ita ce kaciya. A da akan tara yara 'yan kimanin shekara bakwai a lokacin hunturu, wanzami ya yi musu a tare. Wanda ya daure akan yaba masa a ba shi nama da kyaututtuka, wanda ya yi raki kuwa tsararrakinsa ba za su bar shi ya manta ba. A yau gidaje da yawa, musamman a birane, suna yi wa jarirai kaciya a asibiti ko a hannun wanzami tun suna 'yan kwanaki, don haka wannan darasi ya ragu. Sai dai shekarun bakwai zuwa goma suna nan a matsayin mararraba, domin addini ya yi umarni a fara sa yara salla suna 'yan bakwai, a raba musu makwanci suna 'yan goma. A wannan tsakani ne yaro ke fara bin uba masallaci, ya koma cin abinci da maza, daga bisani ya bar ɗakin uwa ya koma zaure ko shagon samari.

Akwai rashin daidaito a cikin wannan sakayya wanda harshe kansa ya tona. Idan mace ta yi abin bajinta sai a ce ta yi namijin ƙoƙari, kuma yabo ne. Babu wata magana makamanciyarta da ake yaba namiji da ita ta hanyar danganta shi da mace. Yarinya mai hawan bishiya da kokawa akan yi mata faɗa, amma akan ce za ta bari idan ta girma. Yaron da ya cika zama cikin mata yana karairaya kuwa, kalma ɗaya ake jefa masa, wato ɗan daudu, kuma ita kaɗai ta fi bulala goma zafi. Langlois da Downs (1980) sun sami irin wannan a Amurka, inda iyaye maza da tsararraki suka fi tsananta wa yaro namiji idan ya ɗauki kayan wasan mata. Bambancin shi ne, a gidan Bahaushe yawancin masu wannan tsaro a farkon rayuwa mata ne, tun da su ke tare da yaron. Uwar da ke kukan aiki ya yi mata yawa ita ce kuma za ta ƙwace tsintsiya daga hannun ɗanta ta miƙa wa ƙanwarsa.

3.4 Dandali da Talla

Idan yaro ya fita daga gida, tsararraki ne ke karɓar aikin. A dandali 'yan mata na gefe suna gaɗa da carafke, maza na gefe suna langa da kokawa. Yarinya tana da 'yar tsana wadda take yi wa kitso da wanka, har a haɗu a yi bikin aurenta da tuwon ƙasa. Yaro yana ƙera motar kara ko ta gwangwani, yana ɗana tarko, yana harbin tsuntsu da danƙo. A watan azumi wasannin tashe sukan fito da abin a sarari. 'Yan mata suna yin Mairama da Daudu, inda ake kwaikwayon zaman miji da mata, maza kuma suna yin irin su Jatau Mai Magani da Tsoho da Gemu, inda ake kwaikwayon masu sana'a da dattawa. Sadakar hatsi ko kuɗi da ake ba su a kowane gida sakayya ce a zahiri. Wanda ya ratsa layi ya shiga wasan da ba nasa ba, ba sai babba ya yi magana ba, ihun yara ya ishe shi.

Talla ita ce inda sakayya ta fi nauyi, domin a nan ta zama kuɗi. Schildkrout ta bayyana yadda ribar tallan yarinya ke tafiya wajen tara mata kayan ɗaki. Yarinyar da ta sayar da ƙosai ko dafaffiyar gyaɗa ta dawo da ciniki cif, ana yaba mata nan take, kuma tana ganin kwanoninta suna ƙaruwa a ɗakin uwa. Makarantar boko kuwa, wadda shirin ilmin firamare kyauta na shekarar 1976 ya kai ƙauyuka da yawa, ladanta yana da nisa, kuma a unguwar da babu malama ko ma'aikaciyar jinya mace, yarinya ba ta da wadda za ta kalla ta ce ga abin da karatu ke haifarwa. Idan aka auna ladan yau da na shekara goma sha biyu masu zuwa, ba abin mamaki ba ne a ga faranti ya rinjayi jakar makaranta. Wannan ita ce matsalar da Balaraba Ramat Yakubu ta gina littafinta Wa Zai Auri Jahila? a kanta. Ba kuma za a ce al'adar ba ta da abin koyi na mace mai ilmi ba, tun da Nana Asma'u (1793 zuwa 1864) ta kafa tsarin 'yan taru inda jajis ke bin ƙauyuka suna karantar da mata. Abin tambaya shi ne wanne ne yarinya ke gani kullum a ƙofar gidansu.

3.5 Koyo Daban, Aikatawa Daban

Hujja mafi ƙarfi a kan cewa ɗa namiji ya koyi aikin cikin gida, ɓoyewa kawai yake yi, ita ce abin da ke faruwa idan sakayyar ta juya. Almajirin da ya bar garinsu yana shiga gidaje ya yi shara da wanke-wanke da ɗebo ruwa don a ba shi abinci, ba wanda ke yi masa dariya. Mai shayi yana soya ƙwai, mai tsire yana yanka albasa, mai wanki da guga yana wanke tufafin unguwa, kuku yana girki a gidan ma'aikata, duk maza ne kuma mutuncinsu bai taɓu ba. Ɗalibi a ɗakin kwanan jami'a yana dafa shinkafa da wake a risho, amma ranar da ya koma gida hutu ba zai kusanci murhu ba ko da uwarsa tana kwance ba lafiya, sai dai a aika a kira 'yar maƙwabta. Aikin bai canja ba, wurin da masu kallo ne suka canja. Idan da kuɗi a ciki kuma a waje ake yi, sana'a ce. Idan kyauta ne a tsakar gida, aikin mata ne. Ta ɗaya ɓangaren ma haka ne, domin matar da mijinta ya rasu ko ya gaza takan riƙe gida da sana'ar hannu da adashi, ta biya kuɗin makaranta da na asibiti, alhali ba a taɓa zaunar da ita an koya mata riƙon gida irin na maza ba. Ya kamata kuma a lura cewa ƙyamar aikin gida al'ada ce, domin ya tabbata a hadisin Nana A'isha cewa Manzon Allah (S.A.W.) yakan taimaka wa iyalinsa da hidimar gida.

3.6 Inda Ra'in Ya Gaza

Duk da haka ra'in bai amsa komai ba. Lawrence Kohlberg (1966) ya yi nuni da cewa yaro ba tulu ba ne da ake zuba wa ruwa. A ganinsa yaro yana fara sanin jinsinsa yana ɗan shekara biyu zuwa uku, sa'annan wajen shekara shida ko bakwai ya gane cewa jinsin ba ya canjawa, daga nan shi da kansa yake neman abin da ya dace da shi. Wannan yana bayyana dalilin da ya sa ɗan shekara shida yakan fi iyayensa tsanani, har ya ƙi shan ruwa a kofin da ya ce na mata ne, abin da ba wanda ya taɓa hana shi. Haka kuma Lytton da Romney (1991), bayan sun tattara bincike 172, sun ga cewa iyaye ba su cika bambanta 'ya'yansu maza da mata ba ta fuskar ƙauna ko tsanani, sai a wajen irin wasa da aikin da suke ƙarfafa musu. Sai dai mafi yawan waɗannan bincike a Arewacin Amurka aka yi su, a ƙananan gidaje na miji da mata da 'ya'ya biyu ko uku. Gidan da yaro ke da uwa da kishiyoyin uwa da kaka da goggo da yayye da malamin allo, kowa da bakin magana a kansa, ba za a auna shi da ma'aunin uwa da uba kaɗai ba. A yau kuma an sami ƙarin abin kallo da bai san zaure ba balle ya yi sallama, wato finafinan Hausa da suka fara yaɗuwa daga Kano tun Turmin Danya a 1990, da kuma wayar hannu wadda yaro ke karɓa daga hannun uwarsa ya shige ɗaki da ita.